Farfesan da Ya Ci Tuwo Amma Bai Iso Ba

Mai girma Shugabar wannan makaranta, kuma shugabar taronmu na yau, Farfesa Odil Danra, mai girma wakilin Gwamna, mai girma wakilin Lamiɗo, 'yan majalisar gudanarwa da ke zaune a babban teburi, manyan baƙinmu da suka keto gajimare daga Turai da Kanada, da waɗanda suka keto shi daga Yawunde da Duwala, 'yan'uwana malamai, ɗalibanmu da aka cika kujerun baya da su domin hoto ya yi kyau, iyayenmu mata da na hango tsaye a bakin ƙofa, jama'ar Garwa baki ɗaya: ina yi muku sallama, ina yi wa kowa barka da zuwa, kowa ta hanyar da ya biyo.

Godiya ta farko ga Allah da ya tara mu lafiya. Ta biyu ga Shugaba, wadda ta ba ni, ni Sali Haman, sakataren kwamitin rage hayaƙin tafiye-tafiyen malamai, damar gabatar da rahoton kwamitin a gaban wannan taro. Rahoton yana hannun kowa, an buga shi a takarda mai kauri da sheƙi, kuma na lura wasu sun riga sun fara amfana da shi, suna fifita. Ina gode wa baƙinmu na nesa, waɗanda suka jure wahalar jirgi bayan jirgi domin su zo su bayyana mana illar hawa jirgi. Irin wannan sadaukarwa ba kowa ke iya ta ba. Ina gode wa injin wutar da ke ruri a bayan zauren nan tun safe, wanda ba don hayaƙinsa ba da babu mai jin abin da muke faɗa game da hayaƙi. Ina kuma gode wa shugaban sashen tarbar baƙi, Misye Cinda, wanda ya yi sati yana kai da kawo tsakanin nan da filin jirgi da jerin motocinsa, bai bar baƙo ko ɗaya ya sauka ba tare da furanni ba. Zan dawo kansa, kuma da alheri zan dawo.

Maganata ta farko ita ce abin da muka yarda da shi gaba ɗaya, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma babu malamin da zai musa. Wanda bai fita ba yana zaton rijiyar gidansu ta fi kowace zurfi. Amma mun kuma yarda cewa jirgin sama yana barin hayaƙi a bayansa, hayaƙin yana taruwa, duniya tana ƙara zafi. Mu mutanen Garwa ba ma bukatar zane a allo kafin mu gane wannan. Wanda ya kwana a garin nan a watan Maris ya riga ya karanta rahoton da jikinsa. Kwamitinmu ya ba da shawarwari masu sauƙi: tafiyar kusa a yi ta ƙasa ko ta ruwa, wanda ya yi ta nesa ya zauna ya yi aiki mai yawa, kada ya je Turai don jawabin da bai kai tsawon sallar Juma'a ba ya juyo, abin da za a iya gamawa ta allon kwamfuta a gama shi ta allo, kuma idan kujerar jirgi ɗaya ce, a ba ƙaramin malamin da bai taɓa fita ba, domin babu adalci a ce wanda ya ƙoshi shi ne zai sanya wa mai yunwa ranar azumi. Kowa ya sa hannu a kan wannan. Wasu ma a cikin jirgi suka sa.

Maganata ta biyu ita ce abin da ba mu rubuta a rahoton ba, domin takarda mai sheƙi ba ta son irinsa. Mu malamai da nisa muke auna ilimi. Malamin da ya zo daga ƙetaren teku, kafin ya buɗe baki mun fara rubuta abin da zai ce. Wanda ya zo daga Yawunde, muna saurarensa da kunne ɗaya. Wanda ya zo daga Marwa a motar haya, da ƙura a gemunsa, mukan tambaye shi ko ya ga baƙonmu a hanya. Muna koya wa ɗalibai cewa gaskiya ba ta da gari, amma a zuciyarmu mun san tana da filin jirgi. Wanzami ba ya son jarfa, ranku ya daɗe, kuma babu wanzamin da ya kai malamin jami'a gudun askarsa.

Wannan ya kawo ni ga magana ta uku, wadda ita ce dalilin tsayuwata a nan. Ina roƙon ku haƙurin sauraro, domin labari ne, kuma mai labarin tana tsaye a bakin ƙofa.

Sunanta Astajam Hayatu, 'yar unguwar Yelwa, ɗalibar digirin dakta a ƙarƙashin kulawata. Ta yi shekaru tana auna yashin da ke cike kogin Binuwai, daga ƙasan madatsar Lagdo har zuwa iyaka, a cikin kwalekwale, da sanda da igiya da kwalaben ɗibar ruwa. Masunta sun san ta, har suna ce mata mai lissafin yashi. Ba ta taɓa hawa jirgin sama ba. Idan akwai karatun da bai ƙara wa sama hayaƙi ba a makarantar nan, to nata ne. Ta gama rubuta kundinta bara, abin da ya rage shi ne ta tsaya a gaban alƙalai ta kare shi. Kuma dokarmu ta ce ɗalibi yana da wa'adi: nata yana cika ƙarshen watan nan. Idan wata ya ƙare ba ta kare kundin ba, rajistarta ta faɗi, aikin shekarun nan ya zama takardar ƙunshe gyaɗa, sai ta sake daga farko.

Kamar yadda kuka sani, dole a cikin alƙalai a sami ɗaya daga wata ƙasa. Na duba duniya, na ga babu wanda ya san yashin Binuwai kamar Farfesa Bobbo Njidda na Yola. Majalisa ta ɗan yi jim, domin Yola ta yi kusa da yawa, amma da aka tabbatar akwai iyaka tsakaninmu, da tuta daban da kuɗi daban, sai aka amince. Na kira shi na gaya masa yadda sashen tafiye-tafiye ya tsara: daga Yola ya tashi zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Legas, daga Legas zuwa Duwala, daga Duwala ya juyo arewa ya sauka a Garwa.

Ya ce: "Sali, lafiyarka ƙalau kuwa? Ruwan da ya wuce ta ƙarƙashin gadarku shekaranjiya, da shi na yi alwala yau da safe. Sai in je bakin teku in gaida kifaye kafin in zo wurinku?"

Na ce: "Modibbo, haka tsarin yake."

Ya ce: "To ni da tsarin kogi zan zo. Damina ce, ruwa ya cika, jiragen kaya suna hawowa kullum. Yarinya ta rubuta littafi a kan hanya, sai in ƙi bin hanyar in zo in yi mata tambaya a kanta? Ka jira ni a bakin ruwa."

Na je na shaida wa Misye Cinda cewa Farfesa ta ruwa zai zo. Ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge. Ya ce: "Dakta, ka cika wasa. Farfesa ne ko buhun siminti?"

Ranar da aka sa, Misye Cinda ya ɗauki motoci, da furanni, da 'yan rawa, da mai ɗaukar hoto, da sauran alƙalai, da mabuɗin zauren nan a aljihunsa, suka tafi filin jirgi. Ni kuma na tafi bakin ruwa. Da hantsi sai ga jirgin kaya ya tsaya, ga Farfesa Njidda zaune a kan buhuna, da jakarsa a cinya, yana gardama da matuƙin a kan inda tsibirin yashi ya koma tun bara. Na ɗauko shi muka zo makaranta, muka tarar da zaure a kulle, babu kowa sai maigadi. Na kira waya, aka ce in dakata, jirgi ya yi latti, ana jiran Farfesa. Na ce ga Farfesa a gefena. Aka ce in daina wasa a ranar aiki.

Da rana ta take, sai na kai shi gidan su Astajam, domin a can ne kawai ake da tabbacin abinci. Mahaifiyarta, Dada Jaratu, ta yanka rago, ta tuƙa tuwon dawa, ta yi miyar yakuwa da giwan ruwa, ta cika randuna da zoɓo, domin a garin nan ba a kare kundi da yunwa. Farfesa ya ci, ya yaba, ya ƙara.

Da la'asar jerin motoci suka dawo. Jirgi ya sauka, babu Farfesa a ciki, an riga an sanar da alƙalai cewa baƙo bai zo ba. Muka tarye su a ƙofar zauren nan. Misye Cinda ya dubi Farfesa daga hula har takalmi, ya rusuna, domin mutum ne mai ladabi, ya ce: "Ranka ya daɗe, ina ganinka. Amma ban tarbe ka ba, kuma wanda ban tarba a filin jirgi ba bai iso ba."

Farfesa ya ce: "To da wa kake magana yanzu?"

Ya ce: "Da wanda muke jira, ranka ya daɗe."

Kafin ku yi dariya da yawa, bari in yi wa Misye Cinda adalci, domin al'adar ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Tsofaffin cikinmu sun tuna cewa a farkon makarantar nan an taɓa ba wani digiri da sunan alƙalin waje wanda babu wanda ya ga ƙeyarsa. Abin ya zama abin kunya, sai wanda ya kafa makarantar ya yanke cewa daga ranar, alƙalin waje sai an gan shi da ido yana saukowa daga jirgi, an tarbe shi a gaban shaidu, an ɗauki hoto. Manufar ita ce a tabbatar mutum ya zo. Shekaru suka wuce, manufar ta tsufa ta mutu, al'adar ta gaje gidan. Yanzu ga mutum tsaye, da tuwon garin a cikinsa, amma babu hoton matakalar jirgi a bayansa. Misye Cinda sandar da muka ba shi yake riƙe da ita, kuma ya riƙe ta da amana fiye da yadda mu muke riƙe tamu. Washegari da safe ɗaya daga cikin alƙalan, wanda ya zo daga Yawunde, ya kama jirginsa ya koma, aka ɗage zama.

Dada Jaratu ta same ni a tsakar gidanta, tukwane a wanke, ta ce: "Malam Sali, tsakaninka da Allah, malamin nan na Yola aljani ne?"

Na ce: "A'a, Dada, mutum ne."

Ta ce: "To ni dai na gan shi da idona. Ya ci tuwona, ya ce a ƙaro miya, ya tsotse ƙashin kifi. Yanzu kuma an ce bai zo ba. Idan bai zo ba, wa ya cinye mini kan giwan ruwa?"



Aka sake sa rana a cikin rani. Ruwa ya janye, kogi ya zama yashi, kamar yadda kundin Astajam ya faɗa. Na sake kiran Farfesa, ina jin nauyi. Ya ce: "Sali, ba don ku ba, don yarinyar. Turo mini takardun jirgin." Dattijon nan ya tashi daga Yola zuwa Abuja, ya kwana, ya tashi zuwa Legas, ya tashi zuwa Duwala, inda aka soke jirgin arewa, ya sake kwana, sannan ya sauka a Garwa, ƙafafunsa a kumbure. Tafiyar da ta fi ninki goma na tazarar da ke tsakanin gidansa da zauren nan. Misye Cinda ya tarbe shi tarba ta gani ta faɗa. An yi rawa, an miƙa furanni, an ɗauki hoto da matakala a baya. A karon nan babu shakka Farfesa ya iso.

Jakarsa ce ba ta iso ba. A cikinta kuwa akwai rigarsa ta alƙalanci, mai launin jami'arsu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin muna da al'ada ta biyu, ƙanwar ta farko: alƙalin waje da rigar jami'arsa yake zama, don kowa ya ga daga waje yake. Na ce a ara masa tawa. Misye Cinda ya riƙe baki ya ce: "Rigar aro, Dakta? A ga launin makarantarmu a jikinsa a hoto, gobe a ce da ɗan gida muka yi abinmu? Ba a lokacina ba." Aka jira jaka kwana da kwanaki, Farfesa yana da ɗalibansa a Yola, ya koma ta hanyar da ya zo, jirgi bayan jirgi. An ce an ga jakar a Adis Ababa. Ta koma masa bayan watanni, da tambarin filayen jirgi a ko'ina a jikinta. Bisa ma'aunin da na ambata a magana ta biyu, jakar nan ta cancanci mu gayyace ta ta gabatar da maƙala.

Ku lura da lissafin, jama'a. Karon farko ga mutum ga riga, amma bai iso ba. Karo na biyu ya iso, amma babu riga. Dada Jaratu ta yanka rago na biyu, unguwar Yelwa ta ci walimar dakta sau biyu ba tare da dakta ba, har yaran unguwa sun sa wa Astajam suna Dakta Saura Ƙiris. Tana wucewa a kan babur, masu shayi suna ɗaga murya: "Adda, yaushe za a sake faɗuwa? Mun yi kewar nama!" Tana dariya tana ɗaga musu hannu, domin 'yar gari ce. Amma ta zo ofishina bayan haka, ta zauna, ta ce: "Malam, ni yashi na karanta. Da an gaya mini sai na haɗa da ilimin jiragen sama, da tun farko na canza fanni." Sannan ta ce: "Idan wa'adina ya cika, aji ɗaya zan koma da yaran da na koya wa riƙe sandar awo. Ba zan iya ba, Malam. Gara in bari." Wannan karon ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Kwamitinmu ya kawo shawarar a yi zaman ta allo, Farfesa yana Yola muna nan. Baƙinmu na Turai sun yaba da wannan ƙwarai a wasiƙunsu, sun ce mu ne abin koyi. Misye Cinda ya yi tambaya ɗaya wadda ta kashe maganar: "Wa zan miƙa wa furanni? Allon?" Majalisa ta kafa ƙaramin kwamiti ya duba tambayar. Ƙaramin kwamitin ya ga ya kamata ya je Dakar ya ga yadda suke yi a can. Sun dawo, muna jiran rahotonsu.

Ina so in faɗi wani abu a nan ba da wasa ba. Mun tara ku yau domin mu tattauna yadda malamai za su rage hawa jirgi ba tare da ilimi ya ragu ba, kamar wani abu ne mai wuya da sai an zo daga nesa an koya mana. Alhali wani dattijo ya riga ya yi shi bara, a kan buhunan siminti, ba tare da kwamiti ba, kuma ladan da muka ba shi shi ne muka ce bai zo ba. Sannan muka tilasta masa ya zagaya rabin yankin nan ta sama domin mu yarda da abin da idonmu ya riga ya gani. Hayaƙin tafiyar nan ba nasa ba ne, namu ne, mu muka yi odarsa. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take. Ban ji inda suka ce a fiffike take ba. Tsakaninmu da Yola kogi ɗaya ne, tsakaninmu da Njamena titi ne, kakanninmu sun yi ta kai wa juna littattafai a bayan jaki, kuma babu wanda ya tsaya a ƙofar gari ya ce wa malami, ina ganinka amma ba ka iso ba.

Yanzu ga magana ta huɗu, ita ce roƙona, kuma gajera ce.

Damina ta dawo, kogi ya cika. Farfesa Bobbo Njidda yana cikin zauren nan. Jiya ya hawo ruwa a jirgin kaya, ba da gayyatar kowa ba sai tawa, da rigarsa a cikin leda a kan cinyarsa, domin ya ce ba zai sake rabuwa da ita ba ko wanka zai shiga. Ku juya ku gani: can baya, kusa da taga, tsakanin ɗalibai, dattijo mai farin gemu da koriyar riga. Ba a ajiye masa kujera a gaba ba, kuma babu laifin kowa, domin ba a ajiye wa wanda bai iso ba kujera. Sauran alƙalan Astajam kuwa duk suna babban teburi, taron nan ya kawo su, an riga an ƙona man da za a ƙona. Ita tana bakin ƙofa da kundinta a hannu. Mahaifiyarta tana gefenta, kuma ta gaya mini rago na uku yana ɗaure a gida, amma ta rantse ba za a sa masa wuƙa ba sai ta ji da kunnenta.

A tsarin yau, bayan azahar za a kwashe mu a motoci zuwa hanyar filin jirgi mu dasa itatuwa, kowane baƙo da tasa, domin su shanye hayaƙin da muka yi. Itatuwa suna da haƙuri, za su iya jira har gobe. Wa'adin Astajam ba zai jira ba.

Mai girma Shugaba, 'yan majalisa duk ga su a gefenki, babu wanda sai an aika masa da tikiti. Al'adar nan majalisa ce ta ɗaura ta, majalisa ce za ta kwance ta. Ina roƙon ku ce, a gaban shaidun nan da suka fi na filin jirgi yawa, cewa baƙon makarantar nan ya iso a duk inda ƙafarsa ta taka, ko daga sama ya sauko, ko daga mota, ko daga kan buhu. Kuma ina roƙon a ba da zauren nan bayan azahar. Ba digiri nake roƙa mata ba. Tambayoyi nake roƙa mata, masu tsanani, irin waɗanda Farfesa Njidda ya yi shekara yana wasawa. Idan ta amsa, a ba ta abinta. Idan ta kasa, ta faɗi a kan yashin da ta auna da hannunta, kada ta faɗi a kan jakar da ta tafi Adis Ababa.

Na ga Shugaba ta juya tana magana da 'yan majalisa. Zan sha ruwa in ba su lokaci. Ɗalibai, ku zauna, ku bar tafi tukuna, ba a yi wa tukunya guɗa kafin a sauke.

To. Shugaba ta ɗaga kai, ta yi wa Misye Cinda alama. Ga shi ya miƙe, yana gyara kwat ɗinsa. Yana duba furanni. Misye, na babban teburi ma sun isa, baƙinmu ba za su yi fushi ba, kowannensu yana da nasa a masauki. Ku buɗe masa hanya, ku janye ƙafafunku. Mai hoto, bi shi, amma ka yi haƙuri, babu matakala. A hankali, Misye Cinda, babu jirgin da zai tashi ya bar ka. Modibbo, ka miƙe mana, ana zuwa tarbarka.

Jama'a, ina farin cikin sanar da ku cewa Farfesa Bobbo Njidda na Yola ya iso Garwa, shekara guda bayan ya ci tuwonta. Dada Jaratu, kin ji da kunnenki: mutum ne.

Astajam, shigo daga bakin ƙofa ki sami wuri ki zauna, ki duba babinki na uku, domin na san a nan zai kama ki.

Allah ya saka wa Shugaba da majalisarta da alheri. Allah ya ƙara wa Misye Cinda lafiya, ya sa tarbar bakin ruwa ta zame masa sauƙi kamar ta filin jirgi. Allah ya mayar da baƙinmu na nesa gidajensu lafiya, ya sa idan sun sake zuwa su daɗe tare da mu har tafiyar ta biya hayaƙinta. Allah ya ba ɗalibarmu nutsuwa da buɗin baki, ya ba alƙalanta adalci. Allah ya raya kogin nan, ya rage masa yashi, ya sassauta mana zafin Maris. Rago kuma, sai dai mu ba shi haƙuri.

Na gode.